Cinyar da Na Kai wa Maƙwabciya

Cinya na kai mata. Ba wuya ba, ba haƙarƙari ba, ba irin tarkacen da ake tsinto wa wanda ba a damu da shi ba. Cinyar baya ce sukutum ta ragon layyata. Na wanke ta, na naɗe a leda biyu don kada jini ya ɗigar mata a kafet, na ɗora a babban farantin da matata Hajiya ke ɓoyewa don baƙi, na rufe. Har turare na fesa kafin in fita. In akwai wata hanyar girmama maƙwabci da ta wuce wannan, ni dai ba a koya mini ita a Maraɗi ba.

A gida banƙare rago muke yi a jikin itace, a jera a kewaye wuta ya wuni yana gasuwa, washegari a raba wa dangi da maƙwabta da mabukata. Nan Greensboro ina za ka hura wannan wuta? Kafin hayaƙi ya kai rufin gida motar kashe gobara ta iso. Shi ya sa ɗanye muke rabawa. Amma rabon bai canza ba, kuma ba a tambayar maƙwabci addininsa kafin a ba shi.

Gidan da muke haya ɗaya ne aka raba biyu, bango guda ne tsakani. Dā wani tsoho baƙar fata ne a ɗaya ɓangaren. Tun Sallah na nesa yake tare ni a bakin mota yana cewa, "Yaushe ne Kirsimetin nan naku na rago?" Da ya koma wurin 'yarsa sai wata Baturiya ta tare, mai aiki a wani ofis can dawuntawun, tsakiyar gari, kusa da kotu. Ba zan yi mata ƙarya ba. Ranar da Hajiya ta zame a matakala ina wurin aiki, ita ta ɗauke ta a motarta ta kai asibiti, ta zauna da ita har na iso. Wanda ya yi wa matarka haka ba wuya ake kai masa ba.

Na ƙwanƙwasa, ta buɗe tana murmushi. Ta ɗaga murfin faranti, ta ja da baya, ta rufe baki da hannu.

"Mene ne wannan?"

Turancina na wurin aiki ne, amma yana kai ni inda zan je. Na ce rago ne, yau Sallarmu ce, kado ne, wato kyauta, daga ni da matata.

Ta ce ita bigan ce. Ban taɓa jin kalmar ba. Ta yi mini bayani: ba ta cin nama, ba ta shan madara, ba ƙwai, ba zuma. Na ce mata sannu, Allah ya ba ta lafiya, don a tunanina likita ne ya hana ta. Ni ma likitana ya rage mini nama saboda hawan jini. Na ɗauki farantina zan juya, sai ta ce, "A ina aka kashe shi?"

A wurinmu in mutum ya ga naman layyarka ya tambaye ka ina ka samo ragon, yabo ne. Yana nufin ka iya zaɓe, baɗi shi ma can zai je. Kuma na ɗauka tsabtar naman take shakka. Sai na gyara tsayuwa. Na ce wannan ba naman kanti ba ne, yau da safe yana cin ciyawa, da hannuna na yanka shi. Na ce a wata gona ce a McLeansville. Ta ciro waya tana rubutawa. Na kwatanta mata hanya, inda kwalta ke ƙarewa a hau tsakuwa, da rumbun mai jan rufi. Ta rubuta wata lanƙwasa ba daidai ba, na leƙa wayar na gyara mata. Na ce ranar Asabar aka fi taruwa, in tana so ta zo ta gani.

Da yamma ɗana babba ya zo cin nama da matarsa, na ba shi labari ina dariya. Shi yana ƙarami muka zo da shi, a nan ya yi lakwal, karatun bokonsa duka, in abu ya dame shi da Turanci yake fitowa. Ya ajiye tsokar da ke hannunsa.

"Baba, ka ba ta adireshin gonar?"

"Ta tambaya."

"Baba."

"Mene ne Baba? Gonar wiwi ce da za a ɓoye?"

Hajiya ta ce, "Kai dai in an yaba maka rago har lambar firizarka sai ka bayar."

Bari in faɗi mece ce wannan gona a wurinmu. Mai ita wani tsohon Bature ne, matarsa ta rasu, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa. Yana kiwon wasu tumaki marasa gashi, baƙin kai farin jiki, kai ka ce udar gida ce. Bayan rumbunsa akwai daɓen siminti, da tiyon ruwa, da ƙugiya a jikin gungume. Shi ke nan. Ka sayi dabba, ka yanka da kanka, ka feɗe, ka wanke wurin. Shekara da shekaru muna zuwa, har tsohon ya kafa ƙarfe a jikin shinge daidai alƙibla don kada sabon zuwa ya yi ta juyi da waya a hannu. Ya san ba ma yanka wani a gaban wani, da kansa yake kora garken zuwa bayan rumbu. Ya san muna shayar da dabba ruwa, muna ɓoye wuƙa a bayanmu. Mata na ƙarƙashin bishiya suna wanke tumbi da hanji suna gulma, 'yan Damagaram da 'yan Kano da 'yan Kumasi duk a wuri guda. In ka cire masallaci, nan kaɗai ne a ƙasar nan na taɓa wuni ban yi Turanci ba.

Kuma ina da rago a can. Tun kafin Sallah Hajiya ta lura surukarmu tana da juna biyu. Ba wanda ya faɗa mini kai tsaye, Hajiya dai ta ce in fara duba garke. Na gane. Jikan fari ne. Na je na zaɓi wani ɗan rago mai faɗin ƙirji, na fesa masa shuɗin fenti a baya, muka yi magana da tsoho ya bar mini shi har ranar suna. Duk Asabar ina kai masa dusa da ɗan gishiri da kanwa. Har ya gane ƙarar motata, tun ina kan tsakuwa yake tahowa bakin shinge. Mahaifina shi ya kayar da ragon sunan ɗana da hannunsa, kwana kaɗan kafin ƙarfinsa ya ƙare. Ni ma abin da nake so ke nan. Ban gina gida a Maraɗi ba, ban je Makka ba, Alhajin da ake kirana na shekaru ne kawai. Wannan ɗaya dai na ce zan yi.

Ba a daɗe ba, wata Asabar na iso da buhun dusa na tarar da masu zanga-zanga a bakin ƙofar gona. Ba su da yawa. Kwalaye a hannu masu hotunan tumaki da jan fenti, wani saurayi mai gemu da lasifika, sauran kowa ya ɗaga waya. Wani Alhaji ɗan Kano ya zo yanka akuya don walimar auren 'yarsa, suka sa masa waya a fuska. Matan da ke wanke kayan ciki suka ja gyale suna rufe fuska, ba a daina ɗaukarsu ba. Mai lasifika yana ta kiran kisan kai. Ya juya ga wani ɗan Kumasi, baƙi wuluk kamar ni, ya ce masa abin da ake yi wa tumakin nan daidai yake da abin da aka yi wa bayi a ƙasar nan. Yaro fari, a jihar Karolaina, yana duban baƙin mutum yana haɗa kakanninsa da tunkiya. Sai da mutum uku suka riƙe ɗan Kumasin.

Maƙwabciyata tana cikinsu. Ta gan ni, ta sauke kwalinta ƙasa kaɗan. Na je har gabanta.

Ta ce, "Ba da kai nake ba. Da abin da ake yi nake."

Na ce, "Ni nake yin abin."

"Suna jin tsoro. Suna son rai kamar yadda kake so."

"Na sani."

"To me ya sa?"

Idonta taf da hawaye, kuma na gaskiya ne, ban ce na ƙarya ba ne. Na buɗe baki, Turancin ya ƙare. Abin da ya fito kawai shi ne, "Cinya na kawo miki." Mai lasifika ya yi dariya.

Abin da ban iya faɗa ba ranar, yanzu zan faɗa da harshen da na iya.

Ni za a koya wa rayuwa ba nama? Na fi ta daɗewa a wannan addini nata, kuma ba wanda ya ba ni kwali. Gero muka ci, da kuka, da wake in an samu, da tafasa da zogale in damina ta yi tsawo rumbu ya ƙare. Nama sai Sallah, sai suna, sai in akuyar wani ta kusa mutuwa an yi sauri an sa mata wuƙa. Mu ba mu kira shi bigan ba, babu muke kiransa. Na ga uwata tana tauna ƙashin da muka yar bayan mun gama da shi. Na ga ƙanwata da jan gashi da kumburin ciki, ma'aikacin asibiti yana ce wa uwata a ba ta ƙwai da nono, kamar a bayan ɗaki ake tsinto su. Yanzu in na kai kaya shagunan Elm Street ina ganin wake da ganye a kwano mai kyau, an rubuta masa suna a allo, mutane na layi. Su ci, Allah ya sa albarka. Ni ma wake nake ci yawancin mako tun da likita ya yi magana, kuma jikina ya fi sauƙi, ban musa ba. Wanda ya ƙoshi har ya zaɓi abin da zai bari, ya gode wa Allah. Amma kada ya zo ya tsaya a kan wanda ya san yunwa yana kiransa mai kisan kai.

Kuma in zaluncin dabba take nema, ai da ta tambaye ni. Kafin in fara tuƙin motar kaya, ƙarfina duk a kamfanin kaji ya tafi. Rataye su muke yi ta ƙafa a jikin ƙarfe mai tafiya, da ransu, suna fuka-fuki suna yi mana kashi a fuska, layin ba ya tsayawa ko fitsari ya matse ka. Ba ruwa, ba bismillah, ba wanda ya dubi idon ko guda. Na daɗe ba na iya cin kaza. Yatsuna uku na hannun dama har yau ba sa rufewa, in zan yi tasbihi da hagu nake ja. A can ne zaluncin yake, na kaji da na mutane. Amma can akwai katanga da masu gadi da lauyoyi. Nan kuwa tsoho ne mai gurguwar gwiwa, da baƙi masu tsoron kyamara saboda rabinsu takardunsu ba su gama fitowa ba. Sun san inda suka zo.

Wai yana son rai. Ni da nake sosa masa wuya duk Asabar ban san yana son rai ba? Na dubi idon rago fiye da yadda ta dubi hotonsa. Shi ya sa nake ɓoye wuƙa. Shi ya sa nake wasa ta tun a gida har ta aske gashin hannu, don abin ya zama ja ɗaya. Ban taɓa yanka dabba ina jin daɗi ba, kuma ban taɓa jin kunya ba.

Bidiyon ya bazu. Ɗana ya fara karanta mini abin da mutane ke rubutawa a ƙasa, na ce ya bari. Rabinsu ba ruwansu da rago. Masu cin gasasshen alade ne duk ƙarshen mako, mu ne ba sa so, sun samu ƙofa. Waya ta dami tsoho, wasu na zagi, wasu na cewa sun san gidansa. Ma'aikatan hukuma suka zo suka duba, aikinsu suke yi, suka ce in za a ci gaba sai an gina wuri mai tayil da magudana da wasu abubuwa. Tsohon da da ƙyar yake hawa tarakta. Masu kwalaye kuma duk Asabar suna nan. Wata rana muka zo muka tarar da sarƙa a ƙofa.

Ba a ɗauki lokaci ba aka san wanda ya ba da kwatance. Ranar Juma'a ina neman takalmina, Alhaji ɗan Kano ya ce, "A'a, Alhaji mai cinya, an fito?"

Wani ɗan Damagaram ya ce, "Ku bar shi, bawan Allah zumunci ya yi. Baɗi kai da ƙafa zai kai mata, ta rufe mana masallaci."

"Alhaji, don Allah in ta tambaye ka gidana ka ce na koma Kano."

Na yi dariya tare da su, me zan yi? Amma wata Hajiya da ke sayar da dambun nama, wadda duk namanta daga gonar yake fitowa, ta daina amsa gaisuwata. Ita ba ta yi dariya ba.

Ni dai na riƙe abu ɗaya a raina: ragona yana nan. Ko ba a yanka a gonar ba, in lokaci ya yi zan sa shi a mota in nemi wani wuri.

Surukarmu ta sauka lafiya, namiji. Iyayenta suna Maraɗi, don haka gidanmu aka kawo ta wanka. Na yi wa yaro huɗuba a kunne da sunan mahaifina. Washegari na tafi McLeansville. Tsoho ya fito da sanda, bai buɗe sarƙar ba, muka tsaya shinge na tsakaninmu. Na ce an haihu, na zo ɗaukar ragona. Na duba garke ina jiran in ga shuɗin baya ya taho. Bai taho ba.

Tsoho ya cire hula ya mayar. Ya ce masu kwalayen sun zo sun yi magana da shi. Sun ce in ya ba su waɗanda aka yi wa alamar yanka, za su daina zuwa, za su bar shi ya huta. Masu alama uku ne, nawa na ciki. Sun kawo tirela sun tafi da su wani wuri da suke ajiye dabbobin da suka ce sun ceto.

"Ka yi haƙuri. Na gaji ne. Ina son in ɗaga wayata ba tare da an zage ni ba."

Na so in yi masa faɗa. Na dubi gwiwarsa, na dubi ƙarfen alƙibla yana nan a jikin shinge, ciyawa ta fara hawansa. Na sauke masa buhun dusar da ke mota na ce ya ba sauran.

Ɗana ne ya nemo hoton a waya. Ga ragona a kan ciyawa, shuɗin fentina bai gama gogewa ba, wata yarinya ta rungume wuyansa. Sun sa masa suna. Sunan mutum, irin na wani sufabaiza da na yi aiki a ƙarƙashinsa a kamfanin kaji. Jikana yana kwance a ɗaki ana ce masa jariri, ragonsa ya riga shi samun suna. A ƙasan hoton sun rubuta an kuɓutar da shi, likita ya duba shi, an yi masa aiki don ya zauna lafiya da sauran. Na ce wa ɗana wane aiki? Ya sosa kai ya ce sun dandaƙe shi.

Alhaji ɗan Kano da ya zo barka ya ce, "To sun tambaye shi? Ni dai in ni ne, a kawo wuƙar Alhaji."

Mata suka ce ya ji tsoron Allah akwai mai jego a ɗaki.

Na buga waya ko'ina. Wata gona ta ce ta ga bidiyon, ba ta son fitina. Mayankar da ke da lasin tana da nisa, sai an yi rajista tun da wuri, kuma ba kai za ka riƙe wuƙa ba, a kwali za a miƙo maka. Na ce zan samo rago in kayar a bayan gida. Ɗana ya nuna bangon da ke tsakaninmu da maƙwabciya. Sannan ya ce, "Baba, kowa yanzu gida yake aikawa a yanka masa. Ya halatta. Ka tambayi Malam." Na san ya halatta. Ba fatawa nake nema ba.

Ranar suna da safe falo ya cika. Aka jingina waya a jikin kwalbar ruwa a kan tebur. Ƙanena a Maraɗi ya sayi rago, ga shi ya kayar a tsakar gidanmu, rana ta take a can, ina hango bishiyar dalbejiyar da na bari ƙarama. Muka shirya zan faɗi suna shi kuma ya ja wuƙa. Malam ya yi addu'a. Na matso da bakina kusa da waya na faɗi sunan mahaifina. Hoton ya tsaya cik a kan silifas ɗin ƙanena. Muka zauna muna kallon silifas. Da rezo ya dawo, hoton ya motsa, jini ya riga ya kwanta a ƙasa, ƙanena yana goge wuƙa yana cewa, "Yaya, kana ji na? Wane sunan ka ce?"

Na sake faɗa. Malam ya ce ba komai, niyya ta isa, aka shafa fatiha. Wuƙata tana cikin diron tebur a naɗe da tsumma, na wasa ta tun ranar haihuwa.

Naman ya yi amfani a can, na ji an ce har marayun kartiyenmu, unguwar da na tashi, sun samu, alhamdulillahi. Mu kuma a nan me baƙi suka ci? Kaza. Tire-tire na cinyoyin kaji daga babban kanti, a leda, masu arha, irin waɗanda na san yadda aka rataye su. Nasarar da aka ci ke nan. An ceci rago guda an sa masa suna, an yanka wani a Maraɗi a madadinsa, an ƙara da kajin da ba wanda ya ƙirga. Ina zaune ina kallon mutane na tauna, ban iya kai ko loma ɗaya ba.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa. Maƙwabciyar ce, da ɗan bargo da ta saƙa da hannunta. Ta ga motoci, ta ji kukan jariri ta bango. Hajiya ta karɓa ta yi godiya, ta kai ta ta ga yaro. Ni ina falo ban ɗaga kai ba. Ban san ko ta san ragon wa ke cikin hoton nan ba. Ban tambaya ba.

Da ta tafi, Hajiya ta shiga kicin ta fito da faranti a rufe. Farantin nan dai.

"Tashi ka kai mata."

"Ba na zuwa."

"Shinkafa da wake ne, da mai da yaji. Ba abin da ya taɓa nama, da cokali daban na zuba."

"Ki ba ɗanki ya kai."

"Ɗana ba shi ne mai gida ba. An yi suna a gidanka, duk layin nan an kai musu, ita da ke jikin bangonka za a tsallake? Ranar da na faɗi a matakala kana ina?"

Na tashi. Fushi bai soke haƙƙin maƙwabci ba, haka aka koya mini, ko da ban so ba. Na ɗauki abincin da na ci a shekarun da ba mu da komai, na kai wa matar da ta hana ni ragon jikana.

Ta buɗe ƙofa. Wannan karon a hankali ta ɗaga murfin. Na ce wake ne da shinkafa, ba nama. Ta ɗauko cokali ta ɗanɗana a tsaye, ta lumshe ido, ta ce ba ta taɓa cin abu mai daɗi haka ba. Ta ce ta san ina fushi da ita, tana fata wata rana zan gane. Ta dangwali yajin da yatsa ta sa a harshe.

"Wannan garin barkonon fa? A ina kuke samunsa?"

Wata Hajiya ce 'yar Damagaram take daka shi a kicin ɗinta, tana ƙullawa a leda tana sayar mana bayan sallar Juma'a, da shi take riƙe da 'ya'yanta. Na san gidan, na san lambar ƙofa.

Na ce, "Ban sani ba."

Na tsaya har ta juye abincin, na karɓi farantin Hajiya na koma gida.